Ku Daina Horar da Jikinku da Yunwa Don Rage Ƙiba

Kusan kowane mako sai an zo mana asibiti da ƙorafi iri ɗaya. Mace ta zubar da kilo takwas ko goma saboda bikin da ke tafe, bayan 'yan watanni ta hau sikeli ta tarar ta zarce inda ta faro. Idan aka tambaye ta yadda ta yi, amsar ba ta sauyawa: ta ƙaurace wa tuwo da shinkafa baki ɗaya, tana yini a kan kokwamba da ruwan lemun tsami, da dare kuma ta sha shayin rage tumbi da ta saya a intanet. Maza ma suna yi, faɗa ne dai ba sa yi.

'Yan'uwa, wannan horon yunwa shi ne cutar, kuma maimaita shi ya fi komai ɓarna. Idan aka yanke wa jiki abinci farat ɗaya, sai ya rage ƙarfin da yake ƙonawa, ya kuma cinye wani ɓangare na tsoka tare da kitsen, sannan da zarar an koma ci kitse ne ke riga tsoka dawowa. A Amurka an bibiyi mutum 14 da suka rame cikin gaggawa a wata gasar talabijin, kuma sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna cewa shekara 6 bayan gasar yawancinsu sun mayar da nauyi mai yawa, alhali jikinsu yana ƙona kimanin kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 500 ƙasa da abin da ake tsammani a kullum. Wani bincike na 2011 a Ostireliya ya gano cewa ko bayan shekara guda da ramewa, sinadarin da ke tayar da yunwa, wanda ya ƙaru sakamakon ramewar, bai koma yadda yake a da ba. Saboda haka idan kin ga cinki ya ƙaru, ba kwaɗayi ba ne, kada ki zargi kanki.

Abin da ba zan yi wa uzuri ba shi ne komawa karo na uku da na huɗu bayan an yi miki bayani. Wannan shayin da kike yabo, da yawa daga cikinsa filasko ne a ciki, gudawa yake sa ki, ruwan jikinki ne ke fita, kitsen yana nan daram. Don Allah a daina!

Abin yi ba shi da yawa: a rage malmalar tuwo ba tare da an daina ci ba, a bar lemun kwalba da zoɓo mai sukari, a yawaita wake, ƙwai, kifi da zogale domin kare tsoka, a yi tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, kuma kada ragin nauyi ya wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

Mai ciwon suga da ke shan magani, da mai juna biyu, da mai shayarwa, kada ɗayanku ya taɓa abincinsa sai ya ga ma'aikacin lafiya tukuna, domin tsallake abinci alhali ana kan maganin suga yana iya kayar da mutum sumamme.