Sayar da Bindigar Farauta Mara Hatimin Gwaji a Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi

Wane gwaji ne doka take nufi?

Kafin a sayar da bindiga a Birtaniya, sai an harba ta da harsashi na musamman wanda ƙarfinsa ya zarce na wanda mafarauci zai riƙa amfani da shi. Idan bututun bai kumbura ba, bai tsage ba, sai a buga mata hatimi a ƙasan bututun, wajen da yake zama a kan jikin bindigar. Gidaje biyu ne ke wannan aiki: na Landan, wanda ƙungiyar maƙeran bindiga ta samu izininsa a 1637, da na Birmingham da aka kafa a 1813. Dokar gwajin bututun bindiga ta 1868 ce tushe, an yi mata gyara a 1950 da 1978.

Hatimin wata ƙasa yana aiki?

Yana aiki idan ƙasar tana cikin CIP, ƙungiyar ƙasashen da suka yarda da hatimin gwajin juna, irin su Italiya, Sifaniya, Beljiyam da Jamus. Amurka ba ta ciki, don haka bindigar da aka kawo daga can sai an gwada ta kafin ta shiga kasuwa.

Bindigar da ke da hatimi tana iya rasa shi?

Ƙwarai, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa. Hatimin yana nan daram a jikin ƙarfe, amma doka ta daina ganinsa da zarar bututun ya canza. Abin da ya fi jawo haka shi ne goge tsatsa: duk lokacin da aka kankare cikin bututu don cire ramukan tsatsa, ramin bututun yana ƙara faɗi, bangon yana ƙara siranta. Ana auna faɗin ne a inci 9 daga inda ake saka harsashi. A ƙa'idar gwaji ta 1954, bindigar da aka buga wa faɗin rami na inci 0.729 ta fita daga gwaji idan ta ƙaru da inci 0.010, wato ta kai 0.739. Wannan bambanci ido ba ya ganinsa, sai ma'aunin maƙeri.

Haka nan idan an zurfafa mazaunin harsashi daga milimita 65 zuwa 70, ko an yi walda a bututun, ko an yanke shi an sa sabo, ko an yi masa zare a baki don ɗaura matsattsun bakuna. Kowanne yana buƙatar sabon gwaji.

To me aka hana?

Sayarwa, musaya, ajiye ta a kanti don sayarwa, jinginarwa, da fitar da ita waje. Laifin yana kan mai sayarwa, kuma cewa "na gaya wa mai saye, ya yarda" ba ta wanke kowa daga tara.

Kyauta fa, ko gado?

Dokar gwaji ba ta hana mallakar irin wannan bindiga ba, kuma kyauta ta gaskiya ba ta cikin jerin abubuwan da ta hana. Amma a karɓi kuɗi ta bayan fage a kira shi kyauta, wannan ciniki ne. Sannan dokar makamai ta 1968 da gyare-gyarenta suna nan: dole mai karɓa ya kasance da lasisin bindigar farauta, a miƙa ta hannu da hannu, mai bayarwa ya rubuta bayananta a lasisin mai karɓa, kowannensu kuma ya sanar da 'yan sanda cikin kwana 7. A ganinmu, ba wa ɗan'uwa bindigar da bangonta ya sirance ba tare da an gaya masa ba, ganganci ne ko da doka ta yi shiru.

Yaya ake sake gwajin?

A kai wa maƙerin bindiga ya auna rami da kaurin bango, ya ɗaga wuraren da suka lotsa, ya matse haɗin bututu da jiki, sannan ya tura gidan gwaji. Tana iya faɗuwa, bututun ma yana iya fashewa, kuma asarar ta mai ita ce. Shi ya sa masu gwanjo kan sayar da jiki da ƙotar tsohuwar bindiga kawai, wanda ya saya ya sa mata sababbin bututu ya kai ta gwaji.