Sassaƙar dutsen yu da alamomin tsawon rai a ƙasar Sin

Yu shi ne sunan da Sinawa ke kiran wani dutse mai tauri da sheƙi, fari ko kore, wanda suka ɗaukaka fiye da zinariya. Iri biyu ne: nefrait, wanda mafi kyawunsa ake tsintowa a kogunan Hotan na yankin Xinjiang, da jadait, wanda ya fara shigowa da yawa daga Bama a ƙarni na 18. Wuƙa ba ta cin wannan dutse. Goga shi ake yi da yashi mai kaifi da ruwa, shi ya sa aiki ɗaya kan ɗauki watanni ko shekaru.

Da yake ba ya ruɓewa, mutanen zamanin da sun yi imanin yana hana gawa lalacewa. Al'ummar Liangzhu, wajen shekara ta 3300 zuwa 2300 kafin haihuwar Annabi Isa, kan binne manyansu da fayafayan yu. A zamanin daular Han abin ya kai maƙura. A 1968 aka tono kabarin Yarima Liu Sheng a Mancheng, lardin Hebei, aka tarar an yi masa likkafani da ƙananan faranta 2,498 na yu, an ɗinke su da zaren zinariya. Gawar dai ta ruɓe, likkafanin ne ya rage.

Daga baya fatan ɗorewar ya koma kan masu rai, aka riƙa sassaƙa kyautar da ake kai wa dattijo ranar zagayowar haihuwarsa. Alamar da ta fi yawa ita ce 'ya'yan itacen fic (peach a Turance), domin a tatsuniyarsu gunkiya Xiwangmu tana da lambun da ke nuna sau ɗaya a shekara 3,000, wanda ya ci kuma ba ya mutuwa. Akan sassaƙa tsoho Shoulao, gunkin tsawon rai mai sanƙo da dogon goshi, riƙe da ɗaya a hannu. Akwai kuma gauraka, kunkuru, barewa da laimar kwaɗi mai suna lingzhi. Jemage, da wasu al'ummu ke ƙyama, abin marhabin ne a nan: jemagu biyar na nufin albarka biyar, ta farkonsu tsawon rai.

Sana'ar ta bunƙasa sosai bayan 1759, lokacin da Sarki Qianlong ya mallaki Hotan, dutsen ya riƙa kwarara zuwa ma'aikatun Suzhou da Yangzhou.