Jonathan Rea da Gasar Superbike ta Duniya

Jonathan Rea, wanda aka haifa ranar 2 ga Fabrairu, 1987 a yankin Ayalan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, ɗan tseren babur ne da ya lashe Gasar Superbike ta Duniya sau shida a jere, daga 2015 zuwa 2020. Mahaifinsa, Johnny Rea, shi ma ɗan tsere ne, ya kuma taɓa cin ɗaya daga cikin tseren TT na Tsibirin Man a 1989.

Yanayin gasar

An fara Gasar Superbike ta Duniya a 1988 ƙarƙashin hukumar tseren babura ta duniya, FIM, kuma Ba'amurke Fred Merkel ne ya ɗauki kambun farko a kan babur ɗin Honda. Abin da ya bambanta ta da MotoGP, wata babbar gasar tseren babura ta duniya, shi ne asalin abin hawan. Baburan MotoGP don tsere kawai ake ƙera su, ba a sayar da su a kasuwa, amma a Superbike wajibi ne babur ya kasance samfurin da kamfani ya ƙera da yawa ya kuma fitar wa masu saye kafin hukuma ta amince a shiga tsere da shi. Ana cire fitilu da madubai, ana sauya salansa da birki da shokozoba, ana kuma gyara injin gwargwadon abin da doka ta yarda, amma gangar jikin babur ɗin da tushen injinsa suna nan yadda suka fito daga masana'anta. Tun 2004 kamfanin Pirelli kaɗai ke samar wa kowa tayoyi.

Sakamakon wannan tsari shi ne, idan kamfani ya daɗe bai sabunta babur ɗinsa na kasuwa ba, ɗan tserensa ne zai ɗanɗana kuɗarsa, komai gwanintarsa. Rayuwar Rea a fagen tsere ta nuna hakan ƙarara.

Shekarunsa da Honda

Rea ya faro ne tun yana yaro da tseren babura a kan turɓaya, sannan ya koma kan kwalta a 2003. Ya zo na biyu a gasar Superbike ta Birtaniya a 2007, ya sake zuwa na biyu a 2008 a gasar Supersport ta Duniya, wadda ake yi da baburan da injinsu bai kai na Superbike girma ba. A 2009 ya shiga babbar gasar tare da ƙungiyar Ten Kate ta ƙasar Holan, wadda ke tsere da Honda CBR1000RR, ya kuma ci tserensa na farko a Misano da ke Italiya a wannan shekarar. Ya yi kaka shida a wurin, ya ci tsere 15, amma bai taɓa wuce matsayi na uku a ƙarshen kaka ba, domin babur ɗin ya tsufa idan aka gwada shi da na Aprilia da Kawasaki. A 2012 ya ci tseren awa takwas na Suzuka a Japan, ya kuma maye gurbin Casey Stoner, wanda ya ji rauni, a tseren MotoGP guda biyu, inda ya ƙare na takwas da na bakwai. Duk da haka bai samu gurbi na dindindin a can ba.

Zamanin Kawasaki

Komawarsa Kawasaki a 2015 ita ce ta sauya komai. Da babur ɗin ZX-10R, da kuma Pere Riba ɗan Sifaniya a matsayin shugaban makanikansa, ya ci tsere 14 ya ɗauki kambu a kakarsa ta farko, ya sha gaban abokin aikinsa Tom Sykes wanda ya lashe gasar a 2013. Masu shirya gasar sun yi ta sauya dokoki don rage tazarar: a 2017 aka riƙa mayar da ukun farko na tseren farko na kowane zagaye zuwa sahu na uku wajen tashi a tsere na biyu, a 2018 kuma aka ƙayyade iyakar juyawar injin kowane samfuri. Babu wanda ya tsayar da shi. A 2018 ɗin ne ya samu nasararsa ta 60 a Brno da ke Jamhuriyar Czech, ya karya tarihin Carl Fogarty, Baturen Ingila mai kambu huɗu da nasara 59.

Kakar 2019 ce ta fi bayyana halinsa. Álvaro Bautista, wanda ya zo daga MotoGP ya hau sabuwar Ducati Panigale V4 R mai tsananin gudu a miƙaƙƙiyar hanya, ya cinye tsere 11 na farko a jere, har mutane da yawa suka ɗauka gasar ta ƙare. Rea ya yi ta bin sa a matsayi na biyu yana tara maki, da Bautista ya fara faɗuwa a tsakiyar kaka sai ya wuce shi, ya tabbatar da kambunsa na biyar a Magny-Cours da ke Faransa. Masu cewa ƙarfin babur ne kawai ya ɗaga shi ba su da amsa mai gamsarwa kan wannan shekara.

Ƙarshen mulkinsa

A 2021 ya cika nasara 100 a Aragon da ke Sifaniya, amma Toprak Razgatlıoğlu ɗan Turkiyya, a kan Yamaha, ya karɓe kambun da ratar maki 13 a zagayen ƙarshe da aka yi a Mandalika ta Indonesiya. Bautista ya lashe na 2022 da 2023, a lokacin da babur ɗin Kawasaki shi ma ya fara tsufa. Rea ya koma Yamaha a 2024, inda rauni da rashin sabo da babur suka hana shi cin tsere ko ɗaya, sannan ya sanar cewa zai daina tseren cikakkiyar kaka a ƙarshen 2025. Jimillar nasarorinsa a gasar 119 ne, 104 daga cikinsu a kan Kawasaki.