Kwat ɗin kilt na zamani

Kwat ɗin kilt gajeren kwat ne da maza ke sawa tare da kilt, wato tufar gargajiyar mutanen tsaunukan Sikotilan mai kama da siket, wadda ake ɗinkawa da yadin ulu mai zanen gidan dara da ake kira tatan. Idan aka ce na zamani, ana nufin ɗinkin da ya yaɗu daga shekarun 1990 zuwa yau, wanda aka rage masa adon soja aka bar shi da sauƙi, har ya shiga takara da tsoffin samfura irin su Prince Charlie da Argyll a wurin biki.

Abin da ya raba shi da kwat ɗin ofis

Kilt ɗin ne da kansa ke tsara wa tela yadda zai yanka kwat. Cikakken kilt yakan ci yadi 8, kuma mafi yawansa yana tafiya ne a ninkin da ake jerawa a baya. Kwat ɗin ofis yana saukowa ya rufe wannan ninki, ya danne shi, don haka na kilt yake tsayawa kaɗan ƙasa da ƙugu. Gabansa kuma ana yanke shi a karkace ya buɗe, domin a ga sporran, jakar fatar da ake ratayawa a gaba saboda kilt ba shi da aljihu. Tsohon ɗinki da sabo duka suna bin waɗannan ƙa'idoji biyu.

Tsoffin samfura

Bayan yaƙin Culloden a 1746, inda sojojin Birtaniya suka murƙushe tawayen da mutanen tsaunuka da yawa suka shiga, gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mutanen tsaunuka sa kilt, amma ta ɗauke wa sojojinta wannan doka. Ba a soke ta ba sai a 1782. A tsakanin nan soja ne suka riƙe tufar, shi ya sa har yau ake ganin tambarinsu a jikin kwat: igiyar kafaɗa, da maɓallai masu ƙyallin azurfa, da naɗin bakin hannu. Ziyarar da Sarki George na IV ya kai Edinburgh, babban birnin Sikotilan, a 1822, inda ya fito sanye da kilt, ita ta ƙara mata daraja a idon masu hali.

Prince Charlie shi ne na liyafar dare. Baƙin ulu ne, gajere a gaba da 'yar jela a baya, ba a rufe gabansa da maɓalli, ana sa shi da falmaran mai maɓalli uku da ƙaramin ɗaurin wuya. An sa masa sunan Yarima Charles Edward Stuart, wanda aka ci da yaƙi a Culloden, amma yariman bai taɓa ganin irinsa ba, domin ɗinki ne na farkon ƙarni na 20. Wannan ya kamata masu kiransa gadon kaka da kakanni su riƙa tunawa. Argyll bai kai shi tsauri ba, ana sa shi dare ko rana, galibi da falmaran mai maɓalli biyar. Braemar da Crail 'yan uwansa ne, a bakin hannu suka bambanta: na Crail maɓalli ɗaya ne kawai. Akwai kuma Montrose da Sheriffmuir na manyan taruka, da ake haɗawa da leshi a wuya.

Sabon ɗinki

Abu na farko da ido ke gani shi ne abin da aka cire. Babu igiyar kafaɗa, bakin hannu ya zama kamar na kowane kwat, maɓallan azurfa sun ba da wuri ga na ƙaho ko masu launin yadin. Ɗinkin ya fi kama jiki. Baƙi ma ya daina zama dole: ruwan toka, da shuɗi mai duhu, da kore, da ruwan ƙasa duk sun samu shiga. Wasu sukan ɗinka kwat da falmaran da kilt ɗin duka da yadi ɗaya.

Yadin da ya fi tashe a nan shi ne tweed, ulu mai kauri da ɗan kaushi. Shi ba baƙo ba ne, domin tun da can da shi ake fita farauta da harkokin rana a karkara. Sabon abu shi ne yadda ango ya ɗauke shi ya shiga da shi ɗakin biki. Mafi shahara a cikinsa shi ne Harris Tweed, wanda dokar majalisar Birtaniya ta 1993 ta ce ba a kiran yadi da wannan suna sai mazauna tsibiran Outer Hebrides na yammacin Sikotilan ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu. Wanda ya sayi irin wannan kwat yana riƙe wa masaƙan tsibiran sana'arsu, abin da maɓallin azurfa ba ya yi.

Cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya akwai Howie Nicholsby, ɗan gidan masu ɗinkin kilt a Edinburgh, wanda ya kafa kamfanin 21st Century Kilts a 1996 ya riƙa ɗinka kilt da fata da yadin jins da yadi marar zane. Tsoffin gidajen ɗinki irin su Kinloch Anderson, da aka kafa a 1868, su ma suna sayar da kwat na tweed a gefen tsoffin samfuransu. Shagunan bayar da hayar kayan biki sun taimaka ƙwarai, tunda angwaye da abokansu da yawa haya suke yi.

Inda ake sa shi

Bikin aure na rana, da bikin kammala jami'a, da taron raye-rayen gargajiya da ake kira ceilidh, nan ne sabon ɗinki ya fi ƙarfi, kuma ana iya sa shi da nakatayi na yau da kullum. Idan kuwa katin gayyata ya nemi shigar dare ta ƙa'ida, kamar wasu liyafofin Daren Burns na 25 ga Janairu, daren tunawa da marubucin waƙoƙin Sikotilan Robert Burns, har yanzu Prince Charlie ko baƙin Argyll ake tsammani.

Akwai masu neman sauƙin kuɗi ta hanyar kai tsohon kwat ɗin tweed wurin tela ya rage masa tsawo. Yana yiwuwa, amma aiki ne mai wuya, domin aljihu da maɓallai suna nan inda aka sa su don dogon kwat, sai su ƙare dab da bakin ƙasa idan ba a matsar da su ba.