Sabar wa Sabuwar Tarwaɗar Ado da Tankin Gida

Tarwaɗar ado ƙananan kifaye ne masu gashin baki, dangin tarwaɗa da kurungu, waɗanda ake kiwo a tankin gilashi don kallo. Wadda aka fi sani ita ce Corydoras ta Kudancin Amurka, mai tsawon santimita 3 zuwa 7 galibi. Tun a 1878 wani nau'inta ya hayayyafa a hannun mai kiwo a birnin Paris, amma har gobe da yawa daga koguna ake kamo su, a tara su a Manaus ta Birazil ko Ikitos ta ƙasar Peru, a ɗaure a leda, a ɗora a jirgin sama. Kifin yakan iso a galabaice, kuma makonnin farko ne ke nuna ko zai rayu.

Ruwan leda

Babban haɗarin yana cikin ledar da kifin ya zo a ciki. Yakan yi kwana ɗaya ko biyu a ɗan ruwa kaɗan, yana fitar da amoniya, wani sinadari mai dafi. Muddin ledar na ɗaure, iskar da yake fitarwa wajen numfashi tana ƙara wa ruwan tsami, tsamin kuma yana danne dafin amoniyar. Da zarar an kwance bakin leda, iskar ta fice, tsamin ya ragu, sai dafin ya farka. Saboda haka dabarar ɗiɗɗiga ruwan tanki cikin leda na tsawon sa'a guda, wadda ke da amfani ga kifin da aka sayo a shagon unguwa, tana iya halaka wanda ya sha doguwar tafiya. Abin da ya fi shi ne a rage hasken ɗaki, a ɗora ledar a ɗaure a kan ruwan tanki na minti 15 zuwa 20 har ɗuminsu ya zo ɗaya, sannan a kwance a fitar da kifin nan take. Ko ɗigon ruwan leda kada ya shiga tanki.

Corydoras tana da wata larura ta kanta: in ta firgita takan fitar da guba, a ƙaramin ruwa kuwa gubar kan kashe ta da 'yan'uwanta. Alamar ita ce kumfa a saman ruwan leda, kifin ya kwanta ta gefe yana haki. In an ga haka ba a jiran komai, sai a mayar da shi ruwa mai tsabta. Da ƙaramin kofi ake kwasarsa, domin ƙayoyin bayansa da na gefensa suna maƙalewa a raga, kuma sukarsu tana da zafi.

Killacewa

Sabon kifi ba ya shiga cikin tsofaffi sai ya yi mako 2 zuwa 4 a tanki na dabam. A nan ake ganin ciwon fararen ɗigo, masu kama da barbaɗin gishiri a jiki, da ramar da tsutsar ciki ke kawowa. Dole matatar tankin ta zama wadda ta riga ta daɗe tana aiki, don ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye amoniya sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Ruwan famfo sai an cire masa kulorin. Gishiri da magunguna masu sinadarin jan ƙarfe kuwa, waɗannan kifaye ba su jure su kamar sauran, don haka ba a zuba su bisa zato kawai.

Mazauni da abinci

Yawancin nau'o'in suna son ɗumin digiri 22 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos. Mai kiwo a ƙasa mai zafi sai ya nisanta tankin da taga, ya ƙara masa iska, tunda ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Ƙasan tanki ya zama yashi mai laushi. Kifin yini yake yi yana cusa baki a ciki yana laluben abinci, tsakuwa mai kaifi da ƙazanta kuwa cinye masa gashin baki suke yi. A sa masa wurin ɓuya, kuma a ajiye aƙalla guda shida, domin a kogi cikin ayari yake yawo.

Ranar farko ba a ba shi komai. Daga nan sai a fara da abinci kaɗan mai nutsewa, da dare bayan an kashe fitila. Masu cewa tarwaɗa za ta rayu da ragowar abincin wasu sun jawo mutuwar kifaye masu yawa. Otocinclus, wani ɗan ƙaramin nau'in tarwaɗar ado mai cin gansakuka, ya fi shan wahalar wannan, don yakan iso da ciki a shafe, sai a tanki mai gansakuka yake farfaɗowa.

Wani lokaci Corydoras takan zabura zuwa saman ruwa ta haɗiyi iska ta koma ƙasa. Wannan ɗabi'arta ce, da hanji take shaƙar iskar. Sai in abin ya yawaita ne ake duba ruwan, a sauya wani kaso nasa.