Uscana: ƙananan zanzaro masu cin ƙwan ƙwarin wake

Uscana rukuni ne na ƙananan zanzaro daga dangin Trichogrammatidae, waɗanda akasarinsu suke hayayyafa a cikin ƙwan ƙwarin da ke cin wake da sauran 'ya'yan tsirrai masu kwanso. Masanin ƙwari Girault ne ya raɗa wa rukunin suna a shekarar 1911. Nau'in da aka fi nazari a Afirka ta Yamma shi ne Uscana lariophaga, wanda Steffan ya bayyana a 1954, kuma tsawonsa bai kai rabin milimita ba, don haka manomi zai iya shekara da shi a rumbu bai taɓa ganinsa ba.

Ƙwari biyu ne suka fi ɓata wake a yankin Sahel. Bruchidius atrolineatus yakan yi ƙwai a jikin kwanso tun wake yana gona, shi kuwa Callosobruchus maculatus a gona yake farawa, amma ya ci gaba da hayayyafa cikin rumbu har wake ya zama duk huji. Macen wannan ƙwaro na biyu takan manna ƙwanta a bayan ƙwayar wake, idan tsutsa ta ƙyanƙyashe sai ta huda ƙasan ƙwan ta shige ciki kai tsaye. Kafin hakan ta faru ne macen zanzaro take samun damarta: takan bi ƙamshin wake da na ƙwan, ta shafa shi da ƙahonninta, sannan ta soke shi ta zuba nata ƙwan a ciki. Tsutsar zanzaro takan cinye abin da ke ciki, ta balaga cikin kimanin kwana takwas zuwa goma idan akwai zafi, alhali ƙwaron wake yana buƙatar mako uku zuwa huɗu. Ƙwan da ƙwaro ya ƙyanƙyashe yakan yi fari saboda garin waken da tsutsa ta tura ciki, wanda zanzaro ya shiga kuwa baƙi yake komawa, kuma da wannan alama masu bincike suke ƙidaya.

A shekarun 1990 masana daga Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, ciki har da Arnold van Huis, sun yi aiki da takwarorinsu na Jami'ar Yamai a Nijar don gwada amfanin wannan zanzaro a rumbunan gargajiya. An ga cewa yana rage yawan ƙwari, sai dai baligin kwana kaɗan yake yi a raye, ko da yake zuma tana ƙara masa kwana, kuma ƙwan da ya tsere masa sai wani zanzaro kamar Dinarmus basalis, mai kai wa tsutsa hari a cikin ƙwayar, ya iya cim masa.

Rahotannin da ake samu na ganin Uscana a wata ƙasa karon farko ba lallai ne su nuna cewa ya yi ƙaura ba. Sau da yawa ya daɗe a wurin, mai dubawa ne ba a samu ba. Tabbatar da nau'i aiki ne mai cin rai, domin sai an tara wake ko kwanso masu ƙwai an rufe a kwalba har zanzaron ya fito, sannan a shimfiɗa shi a kan gilashi a duba ƙahonni da fukafukai da al'aurar namiji da na'urar maikuroskof.