Waiwaye: Shekarun da Tsakiyar Tutar Ghana Ta Koma Fari

Duk lokacin da zaɓe ya wuce a Ghana, gardama ɗaya ce ke dawowa majalisun zongo. Tutocin jam'iyyu na nan rataye a turakun wutar lantarki daga Aboabo har Asawase a Kumasi, masu laimar NDC da masu giwar NPP, wasu sun koɗe, wasu sun yayyage, ba wanda ya sauke su. Tutar ƙasa kuwa sai watan Maris na bikin 'yanci ya kama ake ganinta, ko ranar da Black Stars, 'yan ƙwallon ƙasa, za su shiga fili, daga nan a naɗe ta a mayar akwati. Dattawa na cewa yaran yanzu ba su san darajar ƙasa ba. Samari na mayar musu da cewa, "Baba, ta jam'iyya kyauta ake raba ta, har da riga da hula. Ta ƙasa kuwa sai ka je kasuwar Kejetia ka sa kuɗinka." A gidajen rediyo da zaurukan WhatsApp ma maganar ke nan, kowa na neman wanda zai ɗora wa laifi a cikin na yau.

Kowane ɓangare na da tasa gaskiyar, sai dai duka biyun suna magana kamar jiya abin ya fara. Ruwa ba ya tsami banza. Tun kakanninmu suna samari aka fara cuɗa launin jam'iyya da launin ƙasa.

Farkon labarin sananne ne. Kafin 1957, ƙasar da ake kira Gold Coast tana ƙarƙashin shuɗiyar tuta mai tutar Ingila a kusurwa, da tambarin giwa a gindin itacen kwakwa, da haruffan G.C. Da 'yanci ya matso aka nemi sabon zane, na wata malamar makaranta mai suna Theodosia Okoh ya samu karɓuwa. Ja a sama domin jinin waɗanda suka mutu a gwagwarmaya, irin tsofaffin sojoji uku da aka harbe a Akra ranar 28 ga Fabrairu 1948. Ruwan ɗorawa a tsakiya domin zinariya da sauran arzikin ƙarƙashin ƙasa. Kore a ƙasa domin daji da gonaki. Baƙin tauraro mai tsini biyar kuma alamar 'yantar da Afirka ce, yana tuna wa mutane kamfanin jiragen ruwa na Black Star Line da Marcus Garvey ya kafa a Amurka a 1919. Launukan uku su ne na tutar Habasha, ƙasar da ta doke Italiya a Adwa a 1896. Ranar 6 ga Maris 1957 aka ɗaga tutar, daga baya Gini da Mali da Senegal da Togo suka ɗauki launukan, kowa da irin jerinsa. Da ƙasar ta zama jamhuriya ranar 1 ga Yuli 1960, tutar ba ta canja ba. Haɗakar Ghana da Gini ta 1958 ta yi tata tutar mai taurari biyu, da Mali ta shigo a 1961 suka zama uku, haɗakar kuma ba ta yi tsawon rai ba.

Wannan shi ne abin da ake maimaitawa kowane watan Maris. Daga nan sai mai ba da labari ya yi tsalle zuwa yau, kamar tutar da Malama Theodosia ta zana ba ta taɓa sauka daga sanda ba. Alhali ta sauka.

A ƙarshen Janairu 1964 aka yi ƙuri'ar raba gardama, sakamakon ya nuna fiye da kashi 99 cikin 100 sun amince, Ghana ta koma tsarin jam'iyya ɗaya. A shekarar ce layin tsakiya na tutar ƙasa ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma fari. Ja, fari, kore: launukan CPP, jam'iyya mai mulki a lokacin, ke nan, baƙin tauraron kawai aka bari a inda yake. Wanda bai lura da tauraron ba zai iya ɗauka tutar Hungari ce, kamar yadda ta yau takan rikita baƙo da ta Bolibiya.

Kafin a yanke wa mutanen wancan zamani hukunci, sai a dubi yadda tunanin nahiyar yake a lokacin. Kusan ko'ina jam'iyyar da ta ja gaba wajen karɓo 'yanci ana kallonta a matsayin ƙasar kanta. Tutar Kenya ta 1963 daga ta jam'iyyar KANU aka samo ta. Ta Zambiya ta 1964 daga launukan UNIP, ta Malawi kuma daga na jam'iyyar Congress. Tsoron da ke zukatan mutane shi ne kada sabuwar ƙasa ta tarwatse bisa ƙabila ko yanki ko addini, kuma tsoron ba na banza ba ne, ga abin da ke faruwa a Kongo tun 1960 kowa yana gani. Bambancin Ghana da waɗancan ƙasashe guda ne, amma babba ne. Su sun fara da tutar da ta fito daga jam'iyya tun ranar farko, ba su san wata ba. Ghana kuwa ta shekara bakwai da tutar da ba ta kowace jam'iyya ba ce, mutane sun fara sabawa da ita a matsayin ta kowa, sannan aka sauya.

A zongo abin ya fi taɓa zuciya fiye da yadda ake zato. A shekarun 1950 akwai jam'iyyar Muslim Association Party, wadda ƙarfinta yana zongunan Kumasi da Akra. A 1957 ta narke cikin United Party tare da sauran jam'iyyun adawa, a shekarar da aka yi dokar hana kafa jam'iyya bisa addini ko ƙabila ko yanki. A cikin zongon nan kuma akwai gidajen da suke CPP har ƙashi. Layi ɗaya, masallaci ɗaya, surukai ma, amma kowa da inda ya sa gaba. Tutar 1957 tana iya rufe su duka. Ta 1964 kuwa, wani ya ɗaga kai ya ga launin jam'iyyarsa a ƙofar ofishin 'yan sanda, maƙwabcinsa ya ɗaga kai ya ga launin abokin hamayya. Yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar, wannan tutar ce ya fara tsayawa a gabanta da safe.

Wasu za su ce ai shekara biyu ce kawai da 'yan kwanaki. A lissafin kalanda haka ne. Amma a duba abin da ya faru a cikin shekarun. A Oktoban 1964 ɗan damben Ghana Eddie Blay ya ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta Tokyo. A Yulin 1965 aka fito da kuɗin sidi ya maye gurbin fam, a watan ne kuma aka buɗe gidan talabijin na ƙasa. A Oktoban 1965 shugabannin Afirka suka taru a Akra domin taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. A Nuwamban shekarar Black Stars suka doke Tunisiya da ci 3 da 2 a gidanta, suka riƙe kofin Afirka da suka fara ci a 1963. A Janairun 1966 aka ƙaddamar da madatsar ruwa ta Akosombo. Duk waɗannan abubuwan da muke alfahari da su har gobe, tutar ƙasa a lokacinsu mai farin tsakiya ce.

To me ya sa mutane da yawa ba su sani ba? Wani ɓangare na amsar yana cikin hotunan kansu. Yawancin hotunan jarida na wancan lokaci baƙi da fari ne, talabijin ɗin ma haka. A irin wannan hoto, ruwan ɗorawa da fari kusan abu ɗaya ne. Mutum zai kalli hoton taron 1965 sau goma bai ga komai ba. Ɗaya ɓangaren kuma, bayan abin ya wuce, babu ɓangaren da ke jin daɗin tayar da zancen.

Ranar 24 ga Fabrairu 1966 sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnati, ba da jimawa ba ruwan ɗorawa ya koma mazauninsa. Ana ba da wannan a matsayin gyara, kuma ga tuta gyara ne. Amma a dubi abin da idon talaka ya gani. Mulki ya sauya fasali, tuta ta sauya. Mulki ya sake hannu, tuta ta sake sauyawa. Wanda ya ji haushin farin layin a 1964 da wanda ya ji haushin cire shi a 1966 darasi ɗaya suka ɗauka: tuta tana bin mai mulki, kayan gwamnati ce. A ganina nan ne tushen abin da dattawa ke kuka da shi yau. Mutum ba ya sa kuɗinsa ya sayi abin da yake ganin na hukuma ne ya rataya a shagonsa. Abin da yake jin nasa ne shi yake ratayawa, kuma launin jam'iyya ne ya cike wannan gurbi.

Daga 1966 zuwa yau ba a sake taɓa tutar ba, duk da juyin mulkin 1972 da na 1979 da na 1981, da jamhuriyoyin da suka zo a 1969 da 1979 da 1993. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ƙasashe da dama a nahiyar sun sauya tuta a duk lokacin da aka sauya kujera. Malama Theodosia, wadda filin wasan hoki na ƙasa da ke Akra ke ɗauke da sunanta, ta rayu har Afrilun 2015, ta ga zanenta ya shekara kusan 50 ba wanda ya sake sa masa hannu. Sai dai zaman tuta daram a kan sandar ofis daban, shigarta gidajen mutane daban. Tsawon shekaru inda ake ganinta shi ne makaranta da bariki da kotu da gaban motar babban jami'i.

Ƙwallo ce ta fara sauko da ita hannun jama'a. A 2006, da Ghana ta je gasar cin kofin duniya karo na farko, direbobin tasi da na trotro, wato ƙananan bas na haya, suka ɗaura ta a motocinsu ba wanda ya umarce su. A 2008 da aka yi gasar kofin Afirka a gida, hanyar filin wasa na Baba Yara da ke Kumasi ta cika da ja da ruwan ɗorawa da kore, teloli a zongo suka yi ciniki. A kofin duniya na 2010 ma haka, har daren wasa da Uruguwai. Wannan ya nuna cewa zancen rashin kishi bai cika ba, domin samarin da ake zargi su ne suka fi kowa yawo da ita. Amma ƙwallo ta kan zo ta wuce cikin wata guda, siyasa kuwa tana nan kullum, tana da ofis a kowace mazaɓa, tana da mai raba tuta.

Ta fuskar doka ba a bar tutar haka ba. Dokar hukunta laifuka ta 1960 ta tanadi hukunci ga wanda ya wulaƙanta ta. Kundin tsarin mulki na 1992, a sashe na 41, ya sa girmama alamomin ƙasa cikin wajibai na kowane ɗan ƙasa, sashe na 55 kuma ya hana jam'iyya ɗaukar suna ko tambari ko launin da ke nuna ƙabila ko yanki ko addini. Masu gardamar yanzu suna kawo shawarwari iri-iri: a sa wa'adin sauke tutocin jam'iyyu bayan zaɓe, a riƙa raba tutar ƙasa kyauta a watan Maris, sarakunan zongo su riƙa fitowa da ita ranar hawan Sallah. Ta farkon ce ta fi samun masu goyon baya a majalisun Aboabo, ko da yake da an tambayi wa zai hau turken ya sauke, kowa sai ya ce a fara da ta ɗaya ɓangaren.